Wankan jego da tausa a yankin da 'yan bindiga suka addaba: A nemi izini kafin a taɓa jiki

A daren Asabar, 19 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka tare ɗaliban Islamiyya kimanin 80 na garin Mahuta da ke ƙaramar hukumar Dandume a Jihar Katsina, suna kan hanyar komawa gida daga taron Maulidi. 'Yan sanda da 'yan sa-kai suka bi sawu, aka yi musayar wuta, aka ceto yaran. Kwana biyu kafin nan aka sako ɗalibai 344 na makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, waɗanda aka sace ranar 11 ga watan.

Tun daga lokacin yankin Funtua da Malumfashi bai huta ba. A ranar 19 ga Agusta, 2025, an buɗe wa masallata wuta a Unguwar Mantau ta ƙaramar hukumar Malumfashi lokacin sallar asuba, aka kashe gomman mutane. Tsakanin waɗannan manyan labarai akwai ɗaruruwan ƙanana da ba su kai shafin jarida ba: manomin da aka ɗauke a gonar masara, matar da ta kwana a daji da goyo, yarinyar da ta ga an harbe mahaifinta.

Idan aka ceto mutum ko aka biya kuɗin fansa ya dawo, ana yi masa barka da arziki, a duba raunukan da ido ke gani, a ce ya gode wa Allah. Daga nan sai a sallame shi ga iyalinsa. Mutanen da za su fara taɓa jikinsa bayan haka galibi ba likitocin ƙwaƙwalwa ba ne. Tsohuwar da ke gasa masa ƙafa da ruwan zafi ce, da mai ɗori, da mai tausa, da ungozoma, da gwaggon da ke yi wa maijego wanka. Waɗannan su ne asibitin farko na mai firgici a ƙauyukan kudancin Katsina, kuma lokaci ya yi da hukumomin lafiya za su ɗauke su a haka, su koya musu yadda ake taɓa jikin da ya taɓa shiga hannun azzalumai.

Abin da firgici ke yi wa jiki

Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Likitoci ma sun tabbatar da haka. Mutumin da ya fuskanci mutuwa ko fyaɗe ko ɗauri, jikinsa kan ci gaba da zama cikin shirin gudu ko da haɗarin ya wuce. Ƙaramin abu ya isa ya tayar da wannan shiri: a riƙe shi ta baya ba zato, a rufe shi a ɗaki mai duhu, warin hayaƙi, ƙarar babur da dare, ko a cire masa tufafi ba tare da an gaya masa ba. Nan take zuciya ta hau bugu, numfashi ya sarƙe, gumi ya karyo, ya ji kamar yana can cikin dajin.

Wasu kan yi ihu ko su fizge. Wasu kuma, musamman mata, sai su sandare, su yi shiru, idonsu ya kafe wuri ɗaya. Wannan shirun ne ya fi ruɗar mutane, domin a al'adar da ke yaba wa mace da kunya da dauriya, sai a ɗauka ta yarda da abin da ake yi mata, alhali tsoro ne ya ɗaure mata baki.

Yarinyar da ke da shekara 12 a 2020 ta kai 17 a 2025. A ƙauyukan wannan yanki, shekarun aure ke nan da haihuwar fari. Ke nan 'yan matan da suka taso cikin gudun hijira da jin ƙarar bindiga su ne masu jego na yau da na gobe.

Darasi daga wani tafki a Amurka

A 1980, wani Ba'amurke mai suna Harold Dull ya fara gwada tausar Japanawa da ake kira shiyatsu a cikin ruwan ɗumi, a maɓuɓɓugar Harbin da ke jihar Kalifoniya. Ya sa wa hanyar suna Watsu. Mutum kan kwanta rigingine a cikin tafki mai ɗumin digiri 35, ƙasa kaɗan da ɗumin jikin ɗan Adam, mai yi masa tausar yana tallafe da kansa da gwiwoyinsa, yana juya shi a hankali yana miƙar masa da gaɓoɓi. Hanyar ta bazu zuwa asibitocin gashin ƙashi a ƙasashe da dama, kuma a Amurka ana amfani da ita wajen tsofaffin sojojin da yaƙi ya bar wa firgici. Binciken da aka yi a kanta ya nuna tana iya rage ciwon jiki da damuwa, sai dai mafi yawan gwaje-gwajen ƙanana ne, don haka masana ba su ɗauke ta a matsayin maganin firgici ita kaɗai ba.

Abin lura a nan shi ne matsalar da masu wannan sana'a suka ci karo da ita. Mutumin da ke cikin ruwa ba shi da cikakkiyar sutura, ƙafarsa ba ta taka ƙasa, kunnensa na cikin ruwa, kuma wani ne ke riƙe da shi. Ga mai lafiya wannan hutu ne. Ga wanda aka taɓa ɗaurewa ko aka ci zarafinsa, yana iya zama maimaicin abin da ya same shi. Saboda haka ƙwararrun cikinsu suka ɗauki wasu ƙa'idoji: a bayyana wa mutum duk abin da za a yi tun kafin ya shiga ruwa, a tambaye shi inda bai yarda a taɓa ba, a yi yarjejeniya kan alamar da zai yi in yana so a tsaya, kuma in ya yi alamar a tsaya nan take ba tare da an nemi dalili ba.

Waɗannan ƙa'idoji sun dace da tsarin da hukumar Amurka mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye, SAMHSA, ta fitar a 2014. Tsarin ya ce duk mai kula da jama'a ya san cewa firgici ya yawaita, ya gane alamominsa, ya gyara yadda yake aiki, kuma ya guji sake fama wa mutum ciwo. Ginshiƙansa sun haɗa da aminci, faɗin gaskiya, bai wa mutum zaɓi da murya, da girmama al'adarsa da jinsinsa.

Babu wanda ke cewa a haƙa tafkin Watsu a Mahuta, inda ruwan sha ma sai an sha wahala. Yankin yana da nasa aikin ruwan zafi da tausa tun kaka da kakanni. Ƙa'idojin ne ya kamata a ɗauko, kuma ba sa cin ko kwabo.

Wankan jego: alherinsa da zafinsa

Wankan jego al'ada ce mai alheri a cikinta. Tana ba maijego hutu na kwana arba'in, tana kewaye ta da mata 'yan uwanta, ana dafa mata abinci mai gina jiki, ana ɗauke mata aikin gida. Mai haihuwar fari kan tafi wankan gida wurin iyayenta. Matan ƙasashe da yawa masu arziki suna komawa gida daga asibiti su kaɗai da jariri, ba su da wannan gata.

Amma yadda ake yin wankan a gidaje da yawa yana da tsanani. Ana tafasa ruwa a garwa ko babbar tukunya, a tsoma ganyen darbejiya ko na tsamiya, a riƙa fyaɗa wa maijego a jiki safe da yamma. Ana danna mata ciki, a zaunar da ita cikin ruwan zafi. In ta yi ƙara a ce ragwanta ce, in ta nemi a sirka ruwan a ce ɗanyen jego take so ya kama ta. Wani lokaci har riƙe ta ake yi.

Likitoci sun daɗe da sa ido kan wannan. A 1974, Davidson da Parry da abokiyar aikinsu Trevitt, daga asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, suka wallafa bincike a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya kan mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa. Sun gano cutar ta fi yawa a kewayen Zariya da Malumfashi, inda aka fi tsananta wankan ruwan zafi, kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da shan kunun kanwa mai yawa. Binciken da aka yi daga baya, ciki har da na Farfesa Kamilu Karaye na asibitin koyarwa na Aminu Kano, ya jawo hankali ga wasu dalilai kamar ƙarancin abinci mai gina jiki, ƙarancin sinadarin seleniyom a jini, da hawan jini lokacin goyon ciki. Ko da wanka ba shi ne tushen cutar ba, zafi mai tsanani da gishirin kanwa ƙarin nauyi ne ga zuciyar da ta riga ta yi rauni. Ruwa mai zafin digiri 60 kuwa yana ƙona fata cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Yanzu an samu ƙarin dalilin sassautawa. A ɗauki matashiyar da aka taɓa sacewa, ko aka yi wa fyaɗe a daji, abin da iyali kan rufe saboda gudun abin kunya. Ta haihu, an kai ta bayan ɗaki da asuba cikin duhu da hayaƙi, an tuɓe ta, mata biyu sun riƙe ta, ana yi mata abin da ke da zafi, tana cewa a bari ba a bari ba. Masu wankan suna yi ne da ƙauna, amma jikinta ba ya tantance niyya. Abin da ya sani shi ne an sake ƙwace masa iko. Irin wannan maijego ce za a ga ta daina barci, tana kuka ba dalili, tana ƙin shayar da jaririnta, sai a ce iska ce ta shafe ta.

Asibiti ma bai tsira ba. Wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a Najeriya da Ghana da Gini da Myanmar, wanda mujallar The Lancet ta wallafa a 2019, ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin uku na matan da aka lura da su sun fuskanci duka ko zagi ko wulaƙanci a ɗakin haihuwa, kuma an yi wa da yawa gwaji da tiyata ba tare da neman yardarsu ba.

Maza ma abin ya shafe su

Mutumin da ya kwashe makonni a hannun masu garkuwa yakan dawo da kumburarrun ƙafafu, sawun sarƙa ko igiya, wani lokaci da karaya. Gida za a gasa masa jiki da tsumma da ruwan zafi, in da karaya a kira mai ɗori. A wajen ɗori an saba majiya ƙarfi su danne mutum kafin a ja ƙashin. Ga wanda kwanan nan aka danne shi aka ɗaure, wannan danniya na iya fin karayar ciwo. Kuma namiji ba zai faɗa ba, domin an raine shi a kan cewa namiji ba ya raki. Sai dai iyalinsa su ga ya koma mai saurin fushi, ya daina zuwa gona, ko ya faɗa shan ƙwaya don ya samu barci.

Abin da za a koyar

Ba wani dogon karatu ba ne. Ungozomar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta iya riƙe shi a zama ɗaya.

Na farko, a faɗi abin da za a yi kafin a yi shi. “'Yata, zan fara da kafaɗa, sannan baya. Sa hannu ki ji ruwan tukuna.”

Na biyu, mai jiki ne ke yanke hukuncin zafin ruwa. In hannun mai wanka ba zai iya zama a cikin ruwan ba, bai kamata ya hau jikin maijego ba. Ruwan ɗumi yana sassauta tsoka ya kwantar da hankali, kuma ya fi sauƙin itace a lokacin da shiga daji neman itace ya zama kasada.

Na uku, in ta ce “Inna, ya isa haka,” to ya isa. Ba gori, ba dariya, ba riƙewa.

Na huɗu, a bar mata zane, a buɗe inda ake wankewa kawai, a rage 'yan kallo, kuma ta zaɓi wadda take so ta tsaya mata. A tunkare ta ta gaba inda za ta ga mai zuwa.

Na biyar, a kalli fuska. Labarin zuciya a tambayi fuska. In ta sandare, ko jikinta ya hau rawa, ko idonta ya kafe, a dakata, a lulluɓe ta, a kira sunanta a hankali, a tuna mata tana gida cikin 'yan uwanta.

Na shida, kada a tilasta wa kowa ba da labarin abin da ya same shi a daji. In ya faɗa da kansa, a saurara, kuma maganar ta tsaya a nan. Ungozomar da ke kai sirrin gida bakin rijiya ta fi ruwan zafi illa.

Na bakwai, a san iyakar aiki. Maijegon da numfashi ke yi wa wuya, ƙafafunta suka kumbura, ko take tari in ta kwanta, asibiti take buƙata a ranar. Wanda ya wuce wata guda yana mugayen mafarkai, ba ya barci, yana guje wa mutane, ko yana zancen mutuwa, shi ma a kai shi wurin ma'aikatan lafiya. Addu'a da tofi suna tafiya tare da magani, amma duka da ɗauri da sunan fitar da aljani ƙarin rauni ne.

Masu cewa al'ada ce

Za a samu iyayen da za su ce haka aka yi musu, kuma ga su nan da ransu. Gaskiya ne, kuma babu mai neman a soke wankan jego. Sai dai iyayen da suka yi jego shekara talatin da suka wuce ba su kwana a dajin Ƙanƙara ko na Sabuwa ba. Zamani ya canja wa 'ya'yansu, dole hannun da ke kula da su ya canja.

Wasu za su ce wannan tunanin Turawa ne. Amma neman izini kafin shiga ɗakin mutum da suturta al'aura karantarwar Musulunci ce da kowane ɗan Islamiyya ya sani. Ko gawa ma malaman fiƙihu sun koyar da a wanke ta da tausasawa, a rufe mata al'aura, a ɓoye abin da aka gani. Mai rai da ya fito daga hannun 'yan bindiga ya fi cancantar wannan ladabi.

Wasu kuma za su ce a fara kawo tsaro tukuna. Tsaro shi ne kan gaba, ba musu. Amma ko yau aka ajiye bindiga ta ƙarshe, waɗanda aka riga aka raunata suna nan, za su haihu, za su yi reno, kuma uwar da ke cikin firgici da ƙyar take samun natsuwar da jariri ke buƙata.

Nauyin da ke kan hukuma

A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Doka ce mai kyau a takarda. Amma likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum fiye da miliyan 200, kuma manyan asibitocin wannan fanni da ke kewaye, na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato da na Dawanau a Kano, sun yi wa manomin Mahuta nisa a tafiya da kuma aljihu. Jiran likita ya iso kowane ƙauye jiran gawon shanu ne.

Hanya mafi kusa ita ce a yi aiki da waɗanda ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorar agajin farko ga masu firgici tun 2011, wadda aka tsara domin mutanen da ba likitoci ba, a kan abubuwa uku: duba, saurara, sada mutum da taimako. Hukumar kula da lafiya a matakin farko ta Jihar Katsina za ta iya mayar da ita Hausa mai sauƙi, ta haɗa da ƙa'idojin taɓa jiki, ta koyar da ungozomomi da masu ɗori a ƙananan hukumomin Dandume, Sabuwa, Faskari, Funtua, Bakori, Ƙafur, Ƙanƙara da Malumfashi.

Makarantar koyon aikin ungozoma da ke Malumfashi da makarantun kiwon lafiya na Kankiya da Daura su sa darasin cikin karatun ɗalibansu, domin su ne za su cika asibitocin karkara. Manyan asibitocin Funtua da Malumfashi su ware ma'aikaci da ranar da za a riƙa ganin waɗanda aka turo daga ƙauyuka, don kada ungozomar da ta gane matsala ta rasa inda za ta tura mutum. Sassan gashin ƙashi, inda ake amfani da zafi da tausa kullum, su fara tambayar majiyyaci kafin a ɗora masa hannu.

Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa rundunar tsaron al'umma a watan Oktoban 2023, ta horar da matasa ta ba su kayan aiki. Horar da tsofaffin mata ɗari biyu ko uku a kowace ƙaramar hukuma ba zai ci kwatankwacin wannan kuɗi ba. Duk wanda aka ceto kuma ya kamata a bi shi gida bayan wata ɗaya da bayan wata uku a ga halin da yake ciki, maimakon a ɗauki hoto da shi a gidan gwamnati a sallame shi.

Hakimai da dagatai da limamai da ƙungiyoyin mata irin su FOMWAN suna da rawar takawa, domin maganar da ta fito daga bakinsu ta fi ta takarda shiga gida. Gidajen rediyo su ba batun fili a shirye-shiryen mata. Mazaje kuma, waɗanda ke sayen itace da kayan jego, su tambayi matansu yadda wankan ke tafiya, su mara musu baya in sun nemi a sirka ruwa.

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, in ji masu iya magana. Iyaye mata da kakanni na wannan yanki sun riƙe masu jego shekaru aru-aru ba tare da albashi ba, kuma su ne za su fi kowa saurin gane wannan gyara in aka kawo musu shi da ladabi. Wanda 'yan bindiga suka kama, abu na farko da suka ƙwace masa shi ne ikon cewa a'a. Mai wanka da mai tausa da mai ɗori suna iya mayar masa da wannan iko a duk lokacin da suka tambaya kafin su taɓa, suka kuma tsaya da aka ce su tsaya.